Kuɗin Barcin Hajiya Asabe

Watanni ke nan da dawowata daga Umara, amma har yau mutane ba su bar ni na sha ruwa ba. Duk wanda ya zauna a bencin rumfata a Dawanau sai ya gyara hula ya ce, "Alhaji Mudi, yaya Makka?" Makka tana nan inda kuka san ta, ba ta matsa ko'ina ba. Na san abin da kuke so. Labarin Isyaku kuke so, kuna ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron riga. To ku gyara zama, sau ɗaya zan faɗa, wanda ya zo a makare ya tambayi na kusa da shi.

Ga wanda bai san shi ba, Isyaku ɗan kawuna ne, taubashina. Tare muka tashi, tare muke sana'ar zoɓo da riɗi. Abin da ya mallaka a duniya wanda za a nuna a ce dukiya guda ɗaya ne, wato siton da Kawu ya bar masa, wanda ke bakin titi, inda tirela ke juyawa ba sai direba ya zagi kowa ba. Kawu da hannunsa ya ɗora bulon farko. Ban da siton nan, Isyaku baki ne kawai da babbar riga. Mutum ne da in ya hango rogo sai ya rantse kitse ne.

Lokacin sanyi muka tashi, zoɓon bana yana kan shigowa kasuwa. Tun daga filin jirgin Kano ya fara halinsa. Wakilin da ya shirya mana tafiya, wanda ba zan kama sunansa ba don kada ya samu talla, ya ja mana kunne cewa kada kowa ya ɗauki goro. Isyaku ya ce shi goro a wurinsa magani ne. Ya cusa shi cikin safa, ya cusa safar cikin takalmi, ya dube ni yana murmushin wanda ya fi gwamnatin Saudiyya wayo. Harami kuma ya ƙi ɗaurawa a ƙasa kamar kowa, wai sanyi. Sai da aka sanar a jirgi cewa mun kusa miƙati ya tashi a guje ya shiga layin banɗaki. Ya fito hannu ɗaya riƙe da ƙugu, ɗaya riƙe da kafaɗa, yana labbaika yana roƙona in ɗaure masa bel.

A Jidda ni na fara shan wuya. Na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi karanta babban yatsana, don igiyar buhu ta cinye zanen tun ina saurayi. Jami'in, yaro ne da bai kai ɗana ba, yana ta goga min yatsa yana cewa, "Yalla ya Hajj." Can kowa Hajj ne, ko yau ka fara sauka. Mu nan mutum sai ya sayar da gona kafin a kira shi Alhaji, can kyauta suke rabawa a bakin ƙofa. Da muka isa wurin binciken kaya, na'ura ta tona asirin takalmi. Jami'in ya ɗaga safar da yatsu biyu kamar ya kamo ɓera. Larabcin Isyaku kuwa daga na salla sai "shukran". Suna zuba goron a kwandon shara yana yi musu godiya.

Masaukinmu a Aziziyya yake. Wakili ya ce mana kusa da Harami ne. Gaskiyarsa, in kana da fukafukai. Sai ka hau bas ta ratsa ramin dutse da kai kafin ka hango hasumiya. Ɗakin gadaje huɗu, na'urar sanyinsa hali biyu gare ta: ko ta mayar da kai kifin firji, ko ta mutu. Isyaku ya dinga mita, wai mun biya ƙari tun a Kano, da mun zo mun nema da kanmu da mun samu araha. Na nuna masa wani bawan Allah daga Gusau da ke zaune a ƙasa kan akwatinsa, matarsa na harararsa. Shi ma araha ya zo nema. Na ce, "Taubashi, ni ba ɗaki kawai na saya ba. Na sayi sanin cewa ina da wurin kwana." Ya ce wannan falsafar tsoro ce.

Umara kam ba abin ba'a ba ce, kuma ba zan yi ba. Da na ɗaga kai na ga Ka'aba, hawaye ne suka zubo min, ni da ban yi kuka ba ranar da gobara ta ci rumfata. Allah ya karɓa mana.

Ciki ne ya dawo da mu duniya. Shinkafa da rana, shinkafa da yamma, kaza mai laushi kamar ba ta taɓa gudu ba a rayuwarta. Da safe gurasar tanda mai faɗin faifai da dafaffen wake. Gahawa kuma a wani ɗan kofi da ko maganin tari bai isa ba, kana shanyewa a ƙara maka, sai ka girgiza kofin kafin a ƙyale ka. Ba wanda ya gaya wa Isyaku haka. Ya sha har idanunsa suka yi ja. A nan na ce mu je mu gaida Hajiya Asabe, ko ma samu tuwo.

Hajiya Asabe ƙanwar mahaifiyata ce, kuma ƙanwar mahaifin Isyaku, don haka ni Inna nake ce mata, shi Gwaggo. Ta je aikin Hajji tun muna yara, ta yi aure a can, ta zauna. A Tandabawi take, tsohuwar unguwa mai lunguna da hawa, inda za ka ji ana Hausa ta taga ana amsawa da Larabci. Sana'arta dafa wa alhazanmu abinci da abin sha lokacin Hajji. Ta rungume mu, ta yi kuka, ta zage mu don ba mu kawo mata daddawa ba, sannan ta ajiye mana tuwo miyar kuka. Ɗanta Fahad ya shigo daga aiki, haifaffen can, ma'aikaci a wani kamfanin shigo da kayan abinci. Ya sumbace ni a kumatu kafin na ankara. Hausarsa kamar rigar aro, nan ta ɗage, can ta zubo.

Muna cikin ci ta kawo maganar da ke cinta. Ta ce, "Mudi, mushkila gare ni. Alhazai in zafi ya taso zoɓo suke nema kamar hauka. A da daga Sudan muke samu, yanzu hanyar ta dagule, yau akwai gobe babu. Bara sai da na sayi na tsada ana gobe Arfa, na yi aikin banza. Ni da matan da muke sana'a tare, da masu shaguna a kasuwar Zahir, mun haɗa kuɗi. Kwantena guda muke so daga gida, a yanke mana farashi yau, a kawo kafin alhazai su sauko."

Fahad ya faɗi farashin. Na lissafa shi a naira a zuciyata, har da kuɗin jirgin ruwa da na kwastan. Ya ɗara abin da kowane mai hankali zai zata zoɓo zai kai a lokacin, ɗarawa mai kauri. Na ga loma ta tsaya a hannun Isyaku.

Abin ya ɗaure min kai da farko, don mu a gida akasin haka muka sani. Manomin zoɓo a Jigawa shi ke zuwa wurinka damina na tsaka, yana tsoron kada kaka ta zo farashi ya faɗi, ga kuma buƙata. Sai ya sayar maka da abin da bai girbe ba a ƙasa da abin da kai da shi kuke zato. Falle ke nan. Ragin da ya yi maka ladanka ne na ɗaukar masa fargaba. Na faɗa wa Fahad haka. Ya yi dariya ya zaro waya. "Ya'ani, Hajj Mudi, duniya kullaha haka take." Ya nuna min wasu layuka kore da ja suna tsalle, wai kasuwar alkama ce da gahawa da man fetur na watannin da ba su zo ba. Mutane cikin kwat, waɗanda ba su taɓa saɓa buhu ba, suna sayar da alkamar da ba a shuka ba. Na ce Allah ya sawwaƙe, waɗannan ko tsakuwa aka zuba musu a buhu ba za su gane ba.

Amma yaron ya faɗi magana ɗaya da na riƙe. Ya ce farashin gaba ba duba ba ne. Zato ne, aka ɗora masa tsoro ko aka cire. In masu kaya suka fi yawa a cikin matsorata, farashin gaba sai ya sauka ƙasa da zato, wanda ya yarda ya saya shi ke cin bambancin. In masu buƙata ne suka fi tsoro, sai ya hau, wanda ya yarda ya sayar ya ci. Hajiya Asabe ta katse shi, ta ce, "Kai rufe mana baki da wayarka. Ni barci nake saye, halas. Na tsufa da kwana ina lissafi."

Isyaku ya ture kwano. "Gwaggo, an gama. Ni zan kawo."

Na taka masa ƙafa. Na ce, "Inna, kafin mu zo, wa kuka yi wa tayin nan?"

Ta ce mutum biyu, manyan 'yan kasuwa, duk sun ƙi. Shi ya sa suka ƙara kuɗin.

Na dubi Isyaku na ce, "Ka ji ko? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin ya yi ƙiba ne don masu zuciyar ɗauka sun yi ƙaranci. Da abin daɗi ne da ba a jira ka taso daga Kano ba."

Ya ce, "Hassada ce ke damunka, Mudi. Wannan albarkar Harami ce, ta sauka a kaina. Kai kuma kullum kana zaune kan tsoro kamar kaza kan ƙwai."

Washegari bayan la'asar Fahad ya kai mu kasuwar Zahir don mu ga masu shagunan. Na bar su suna shan shayi, na leƙa bayan shaguna, don ni duk inda na je sito nake dubawa kafin fuskar mai shi. Wurin zoɓo wayam, 'yan buhuna ne a jingine, wasu ma sun koɗe. Na ja Isyaku gefe na ce masa, in sito cike yake, ko labari ya ɓaci farashi tafiyar raƙumi yake yi. In sito ya zama fanko, ƙaramin labari sai ya sa shi tsallen akuya. Kuma in Makka ta rasa na Sudan, ba ita kaɗai ta rasa ba. Duk waɗanda ke saye a can, ina za su nufa in ba Dawanau ba? Ya ce in bar shi ya ji da baƙi.

Hajiya Asabe ba ta yarda da cinikin iska irin na wayar ɗanta ba. Ta ce yadda malamai suka halatta za a yi: a faɗi irin kaya, a faɗi awo, a faɗi lokaci, a biya kuɗi duka a zaune. Aka yi haka. Da wani mai shago ya tambaya, in kaya bai zo ba fa, Isyaku ya bugi ƙirji ya ce, "Siton mahaifina na nan a bakin titi. Ga Mudi shaida." Wallahi na ji kamar an ambaci Kawu a wurin da bai dace ba.

A cikin bas muna komawa na yi masa magana ta ƙarshe. Na ce, "Kuɗi na hannunka, zoɓo na araha a gida. Buga waya yanzu a saya a zuba a sito. Za ka biya mai gadi, za ka yi asarar abin da ya bushe ya rage nauyi, kuɗinka zai kwanta, ribar za ta rame. Amma za ka tsira da ita. Ƙarin nan ba kyauta ba ne. Ko ka biya shi da wahalar ajiya, ko ka biya shi da barcinka."

Ya ce, "Kaka fa ake. Zoɓo bai gama sauka ba. In ya kai ƙasa zan kwasa, in ci riba biyu."

Na ce, "Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Da muka sauka na koma gefe na buga wa ƙanena waya a Dawanau, na ce duk zoɓo mai kyau da ya gani ya saya min gwargwadon ƙarfinmu. Ban ɓoye wa Isyaku ba. Ya yi min dariya har da riƙe ciki.

Sauran kwanakinmu a Makka, ni ina ɗawafi, shi yana ɗawafi a shagunan gwal. Ya ce ai ribarsa yake taɓawa, ba uwar kuɗi ba. Ribar da ba a haifa ba har ya raɗa mata suna. Ya sayi sarƙa, ya sayi agogo mai nauyin dutsen guga, ya sayi jallabiyoyi har sai da aka caje mu kuɗin ƙarin kaya a Jidda. A jirgi ya yi barci da minshari, ni kuwa ina ta tunanin siton Kawu.

Sauran kun gani da idonku. Zoɓo ya ɗan sauka, Isyaku ya zo rumfata yana kaɗa agogo, ya ce saura kaɗan. Sai manyan masu fitar da kaya waje suka dira da tireloli, suka share kasuwa kamar an yi wa tsakar gida shara. Kafin azumi ya kama, farashin ya wuce na Hajiya Asabe ya bar shi a baya. Isyaku ya ce farashin zai dawo ƙasa. Bai dawo ba. Ga shi dole kwantena ta bar Legas kafin ƙaramar Salla, in ba haka ba alhazai su riga ta isa.

Ranar da ya zo wurina, da azumi a bakinsa, babu agogo a hannunsa. Ya zauna a nan inda kake zaune, Malam Sani. Ya rame, idanu sun faɗa. Ya ce, "Taubashi, kai kaɗai ke da irin zoɓon da na yi alkawari. Kuɗin hannuna ba su kai ba. Ka ba ni mako biyu in haɗa, amma ka yanke min farashi yau. Kullum na wayi gari sai na ji ya ƙaru. Wallahi ba na barci."

Na ce, "In yau za ka biya, farashin yau ne, ko kwabo ba zan ɗora ba. In alkawari kake so in riƙe maka mako biyu, kasuwa na gudu ina kallo, to ga nawa." Na faɗa masa, da ƙari a kai.

Ya zabura. "Haba Mudi! Ƙarin na mene ne? Ni fa ɗan'uwanka ne!"

Na ce, "Inna Asabe ma gwaggonka ce, ka karɓi nata kana murna. Albarkar Harami ce, wannan karon a rumfata ta sauka."

Na ji daɗin faɗar maganar, ba zan yi muku ƙarya ba. Daɗin bai kai magariba ba. Isyaku ya fita neman kuɗi, kowa ya nuna masa tafin hannu, ya koma kan abu ɗaya da ya rage masa. Sai ji na yi dillalai na zagaya siton Kawu da wani baƙo mai shirin rushe shi ya gina shaguna. Na je na tarar yana ƙwanƙwasa bangon da makullin mota, bangon da Kawu ya yi wa yaɓe muna miƙa masa ruwa. Raina ya ɓaci, na kore su duka. Na kira Isyaku na ce ya kwashi zoɓon, ya cika wa Inna alkawarinta, ƙarin ma na yafe. Abin da kuɗinsa suka gaza, sito ya cike, ya miƙa min mabuɗin.

Kaya ya isa kafin alhazai. Hajiya Asabe ta bugo min waya bayan Babbar Salla, muryarta garau, ta ce bana ko sau ɗaya ba ta tashi tsakar barci tana lissafi ba, ta sa wa Isyaku albarka. Ban gaya mata komai ba. Shi kuma yanzu a gefen rumfar wani yake ajiye 'yan buhunansa, in ya zo wucewa ta bakin titi sai ya kau da kai.

Kuna ta tambayata ina tsarabar Makka. Dabino ya ƙare, zamzam ya ƙare. Ga abin da ya rage, ku duba, mabuɗin siton Kawu ne. Kullum yana aljihuna, kuma har yau ban iya buɗe ƙofar da hannuna ba, ƙanena nake aikawa.